Gani Ya Kori Ji: Koyon Ilmin Tsuntsaye a Fadamar Haɗeja

Gabatarwa

Na daɗe ina koyar da ilmin halittu, watau Bayoloji, kuma akwai wani abu da ya daɗe yana damuna. Ɗalibi zai zana sarƙar abinci a takardar jarrabawa ba kuskure ko ɗaya, ya ci makinsa cikakke, amma in ka kai shi bakin kogi ka nuna masa tsuntsu, ba zai iya gaya maka ko balbela ce ko zalɓe ba. Wata rana na tambayi 'yan aji biyar, na ce, "Ina shamuwa take zuwa in damina ta wuce?" Aji ya yi tsit. Can sai wani ya ɗaga hannu ya ce, "Malam, daji take shiga." Wata kuma ta ce, "Malam, ina jin mutuwa take yi, wasu su zo baɗi." Yaran nan kuwa an haife su ne a ƙasar da masana ke tasowa tun daga Turai domin su ƙirga tsuntsayenta.

Laifin ba nasu ba ne. Mu malamai ne muka tsare su tsakanin bango huɗu da allo da alli, alhali ɗakin karatun da ya fi namu girma yana nan bayan gari. Shi ya sa nake so in yi bayani a wannan mujalla tamu a kan yadda ake fita da ɗalibai fadama domin nazarin tsuntsayen ruwa: abin da ke wurin, yadda ake shiri, aikin da ake yi, da kuma amfanin da ke ciki. Ina fata ɗalibai, da 'yan'uwana malamai, da iyayen da ke biyan kuɗin mota, kowa zai sami abin ɗauka.

Yadda Fadamar Take

Kogin Kano da Kogin Calawa suna haɗuwa kafin Wudil, daga nan su zama Kogin Haɗeja. Kogin Jama'are kuwa daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya ratsa ƙasar Bauci. Da waɗannan koguna suka iso ɓangarenmu sai su tarar da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, ga kuma tsofaffin tuddan rairayi da iska ta jera tun zamanin da. Ruwa ba ya samun gangara mai ƙarfi, saboda haka sai ya rarrabu hannu-hannu, ya bazu tsakanin tuddan, ya bar tafkuna da kududdufai da fadamu. Ɗaya daga cikin hannuwan, wanda ake kira Marma, shi ke kai ruwa Tafkin Nguru. Abin da ya rage na kogunan biyu yakan haɗu kusa da Gashuwa ya zama Kogin Yobe, wanda ke zuba a Tafkin Cadi.

Ruwan yakan cika a watannin Agusta da Satumba, sa'an nan ya riƙa janyewa sannu a hankali har cikin rani. Wannan cikowa da janyewa su ne ran fadamar. Manomi yana shuka shinkafa a ruwan, in ya janye ya bi danshi da wake, ko ya yi lambun tattasai da albasa da tumatir. Masunci yana kama tarwaɗa da karfasa da gaiwa. Bafilatani yana kawo shanunsa kiwo in ciyawar tudu ta bushe. Wani sashe na ruwan kuma yana nutsewa ƙasa, shi ne muke ɗebowa a rijiyoyi da rani. Hausawa da Fulani da Badawa da Mangawa duk abincinsu yana jikin wannan ruwa.

Duniya ta san darajar wurin. A 1971 ƙasashe suka ƙulla yarjejeniyar kiyaye wurare masu dausayi a garin Ramsar na ƙasar Iran, kuma wuri na farko da Nijeriya ta sa a ƙarƙashinta, a shekarar 2000, shi ne Tafkin Nguru da hannun Marma. A 2008 aka ƙara da dausayin Baturiya, wanda ke ƙaramar hukumar Kirikasamma, da tafkin Dagona na ƙasar Bade. Dagona na cikin Gandun Dajin Ƙasa na Tafkin Cadi, kuma Yarima Filip na Ingila ya ziyarce shi a 1989. A 2020 gwamnatin tarayya ta amince a mai da dausayin Haɗeja gandun daji na ƙasa. Masana sun rubuta sunayen tsuntsaye fiye da iri 370 a wannan yanki.

'Yan Gida da 'Yan Ci-rani

Tsuntsayen fadama kashi uku ne. Kashi na farko su ne 'yan gida, waɗanda ake gani kusan kowane lokaci na shekara, ko da yake sukan matsa daga wannan tafki zuwa wancan. A cikinsu akwai balbela, da zalɓe, da jinjimi, da ƙirinjijiya mai farar fuska wadda ke fito in ta tashi, da dinya, da zakaran ƙeƙuwa mai yawan tsiwa.

Kashi na biyu su ne masu ƙaura a cikin Afirka. Shamuwa ce babban misali. Takan iso mana gab da faɗuwar damina, ta yi sheƙa a itatuwan cikin gari, ta ƙyanƙyashe, ta ciyar da 'ya'yanta da fara da sauran ƙwari. Da kaka ta yi sai ta nufi kudu, ta tsallake tsakiyar Afirka zuwa ƙasashe irin su Zambiya da Zimbabuwe, domin a lokacin ne tasu daminar take farawa. Watau shamuwa damina take bi, domin inda ruwan sama yake nan fara take. Wannan ita ce amsar tambayar da na yi wa 'yan aji biyar.

Kashi na uku su ne 'yan ci-rani daga Turai da Rasha. Kamar yadda ɗan'uwanmu yakan bar ƙauye bayan girbi ya tafi birni nema, haka su ma suke barin ƙasashensu in sanyi ya daskarar da tafkuna, ƙwari suka ɓace. Sukan fara isowa wajen Satumba da Oktoba, su koma wajen Maris da Afrilu su yi ƙwai a can. Akwai wata 'yar ƙaramar agwagwa da Turawa ke kira gagani, wadda nauyinta bai kai rabin kilo ba, namijin yana da farin layi a saman ido. Akwai wata agwagwar mai dogon wuya da tsinin wutsiya. Akwai kuma wani tsuntsu mai dogayen ƙafafu da ake kira raf, wanda ke tashi garke-garke a gonakin shinkafa bayan girbi yana tsintar ƙwayar da ta zube. Wasunsu tun daga Saibiriya suke tasowa.

Abin da ya sa fadamarmu take da muhimmanci a gare su shi ne Hamadar Sahara. Tsuntsun da ya taso daga arewa sai ya tsallake Bahar Rum, sa'an nan ya tsallake hamada mai faɗin fiye da kilomita 1,500, inda ba ruwa ba abinci. Ruwan farko da zai tarar a kudancinta shi ne irin namu: fadamar Kogin Sanagal, da ta Kwara a ƙasar Mali, da Tafkin Cadi, da Haɗeja da Nguru. In lokacin komawa ya yi kuma, a nan yake cin abinci ya tara kitse, wanda shi ne guzurinsa. Wasu ƙananan tsuntsaye sukan kusan ninka nauyinsu kafin su tashi. In fadama ta bushe, guzuri bai samu ba, sai su mutu a hanya. An ga haka a zahiri. A 1969 masu ƙirga tsuntsaye a Ingila suka tarar wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro ya ragu da fiye da kashi biyu cikin uku a shekara guda, da aka bincika sai aka gane farin da aka yi a yankinmu na Sahel ne sanadi.

Ɗalibai sukan tambaya, yaya aka san tsuntsun nan daga Turai yake? Tun zamanin da mutane sun lura cewa wasu tsuntsaye suna da lokacin zuwa da na tafiya, har Annabi Irmiya ya ambaci haka a sura ta 8, aya ta 7. Amma inda suke zuwa ya daɗe a ɓoye. A 1822 aka harbo wata farar shamuwa ta Turai a arewacin Jamus, aka tarar da mashi irin na Afirka soke a wuyanta. Da shi ta yi tafiyar dubban kilomitoci, kuma har yau tana ajiye a Jami'ar Rostok. Daga baya, a 1899, wani malamin makaranta a ƙasar Denmak mai suna Mortensen ya fara sa wa tsuntsaye zoben ƙarfe a ƙafa, mai lamba da adireshi, domin duk wanda ya tsinci tsuntsun ya aiko da labari. Ku lura, malamin makaranta ne kamar mu. A yau har 'yar na'ura ake ɗaura wa tsuntsu, tauraron ɗan adam yana bin sawunsa.

Shiri Kafin Tafiya

Bari in ba ku labarin fitata ta farko, domin wani ya tsira daga kuskurena. Mun bar makaranta bayan karin kumallo, mota ta ɓata mana lokaci, ba mu isa bakin ruwa ba sai da rana ta take. Na ɗebi aji guda cur, kowa da farar rigar makaranta, suna ta surutu da dariya. Tun muna nesa zakaran ƙeƙuwa ya tashi yana kururuwa, sauran tsuntsaye suka bi shi. Muka yi awa biyu a rana ba mu ga komai ba sai balbelu can nesa. Wani tsohon masunci da ke gyaran komarsa ya dube mu ya ce, "Malam, kallon tsuntsu kuka zo, ko korar tsuntsu?" Na ce, "Baba, kallo muka zo." Ya ce, "To, ku dawo da asuba, ku bar bakinku a gida." Daga wannan rana na koyi abubuwan da zan jera a nan.

1. Lokaci. Watannin Disamba zuwa Fabrairu sun fi kyau. Ruwa ya janye, hanya ta bushe, tsuntsaye sun taru a sauran tafkuna, 'yan ci-rani kuma duk suna nan. A isa wurin da fitowar rana. Da sanyin safiya ake kama fara, haka ma kallon tsuntsu, domin da hantsi ya yi sai su daina kiwo su fake.

2. Izini. A sanar da shugaban makaranta da iyaye a rubuce. Malami ya fara zuwa shi kaɗai mako guda kafin ranar, ya gai da dagaci ko bulama, ya ga sarkin ruwa, ya tambayi lafiyar hanya. In wurin gandun gwamnati ne, kamar Baturiya ko Dagona, a nemi izinin ma'aikatan gandun, a roƙi ɗayansu ya yi rakiya.

3. Yawan mutane. A raba aji ƙungiya-ƙungiya, kowace kada ta wuce mutum shida, da shugabanta da marubucinta. Kowane malami kada ya riƙe fiye da ƙungiya biyu. In da 'yan mata, lalle a tafi da malama.

4. Kaya. Tufafi masu duhu ko ruwan ƙasa, takalmi rufaffe, hula ko ɗankwali, ruwan sha daga gida, da akwatin magani. Kowane ɗalibi ya riƙe ɗan littafi da fensir. Fensir ya fi biro, domin tawada takan narke in takarda ta jiƙe. In an sami madubin hangen nesa ko guda biyu ne, a riƙa karɓa-karɓa. In ba a samu ba, kada a fasa tafiya. Zalɓe da dinya ba su ɓuya wa ido.

5. Darasi kafin tafiya. Ɗalibin da bai san abin da zai nema ba, yawon buɗe ido kawai zai yi. A zana tsuntsu a allo, a nuna baki, da wuya, da fiffike, da wutsiya, da ƙafa. A ba kowace ƙungiya tambaya ɗaya da za ta dawo da amsarta.

Aikin da Ake Yi a Bakin Ruwa

Da an isa, abu na farko shi ne a zauna shiru na minti goma, rana tana bayanku domin kada ta kashe muku ido. Kada kowa ya nuna da hannu, kada a miƙe tsaye a kan tudu. Tsuntsayen da suka tashi za su dawo in sun ga ba abin tsoro. Marubuci ya rubuta kwanan wata, da lokaci, da sunan wuri, da yanayin sama, ko akwai hazo ko babu.

Aiki na farko shi ne siffantawa. Kada ɗalibi ya yi gaggawar neman suna. Ya fara rubuta abin da idonsa ya gani: girman tsuntsun in an gwada shi da kurciya, ko kaza, ko talotalo, launinsa, siffar bakinsa, tsawon ƙafarsa, inda yake tsaye, da abin da yake yi. Sa'an nan ya zana shi, ko da zanen bai yi kyau ba. Akwai alamu masu sauƙi. Alal misali, zalɓe da balbela sukan lanƙwashe wuya in suna tashi, shamuwa da jinjimi kuwa miƙe wuya suke yi.

Aiki na biyu shi ne duba baki da ƙafa, domin nan ne darasin dacewar halitta da mazauninta yake fitowa fili. Bakin zalɓe kamar mashi yake, da shi yake cafke kifi da kwaɗo, dogayen ƙafafunsa kuma suna ba shi damar tsayawa cikin ruwa jikinsa bai jiƙe ba. Bakin jinjimi dogo ne lanƙwasasshe, yana cusa shi cikin taɓo yana laluben tsutsa. Bakin agwagwa mai faɗi ne, gefensa yana da haƙora ƙanana kamar na mataji, tana tace ruwa da su ta riƙe 'ya'yan ciyawa, yatsunta kuma a haɗe suke da fata domin iyo. In kun ga tana shafa bakinta a gindin wutsiya sa'an nan ta bi gashinta da shi, mai take ɗebowa daga wata 'yar jaka da ke wurin, wanda ke taimaka wa gashin kada ya sha ruwa. Akwai kuma wani tsuntsu ja-ja mai yatsu dogaye ƙwarai, wanda ke tafiya a kan ganyen bado ba ya nutsewa, domin yatsun suna baza nauyinsa. Ɗalibin da ya ga wannan da idonsa ya fahimci darasin matsi da faɗin wuri na ajin Fiziks ma.

Daga nan sai a tambayi ɗalibai: me ya sa iri goma suke kiwo a tafki ɗaya ba sa faɗa? In sun duba da kyau za su ga kowa da wurinsa. Raf yana gefen taɓo, zalɓe yana inda ruwa ya kai gwiwa, agwagwa tana tsakiya, shirwa tana sama. Abincinsu ma ya bambanta, saboda haka gasa a tsakaninsu kaɗan ce.

Aiki na uku shi ne ƙirga. Garke mai yawa ba a ƙirga shi ɗaya-ɗaya. Sai ka ƙirga goma, ka riƙe girman wurin da suka cika a idonka, sa'an nan ka riƙa aza wannan ma'auni a kan sauran garken: goma, ashirin, talatin. In garken ya yi yawa ƙwarai, ka yi da ɗari-ɗari. Ɗalibai uku su ƙirga garke ɗaya, kowa shi kaɗai ba tare da ya ji na ɗan'uwansa ba. A ce na farko ya sami 240, na biyu 300, na uku 270. In an tara an raba uku, sai a sami 270. Nan ɗalibi zai gane cewa a kimiyya ana kuskure, kuma akwai hanyar rage shi. Irin wannan dabara ce masana ke amfani da ita a ƙidayar tsuntsayen ruwa ta duniya, wadda ake yi kowane watan Janairu tun 1967.

Aiki na huɗu shi ne gina sarƙar abinci daga abin da aka gani, ba daga littafi ba. Gansakuka da ciyawar ruwa suna samun ƙarfi daga rana, ƙananan ƙwari suna cinsu, karfasa tana cin ƙwarin da gansakukar, zalɓe yana cin karfasa, kashin zalɓe kuma yana komawa ruwa ya zama taki. In akwai shanu kusa, a duba balbela tana bin ƙafafunsu tana kama farar da suka tayar. Ita ta ƙaru, saniya ba ta ragu da komai ba. A gwada wannan da carki, wanda ke hawa bayan saniya yana cire mata kaska.

Aiki na biyar shi ne tambayar mutanen wurin. Masunci da makiyayi da manomi sun san sunaye da halayen tsuntsaye fiye da yawancinmu. Ɗalibai su gaishe su da ladabi, su tambayi sunan tsuntsu da Hausa, da Badanci ko Fillanci in an samu, su tambayi wanda ake gani da can amma yanzu ba a gani. Sau da yawa amsar ita ce gauraka. Dattawa suna tuna lokacin da ake jin kukanta a fadama, amma kamu domin sayarwa da bushewar wuraren da take ƙwai sun sa ta yi wuyar gani ƙwarai a Nijeriya.

Kiyaye Lafiya

Doka ta farko: ba mai shiga ruwa, ba mai wanke ƙafa ko fuska a tafki. Ruwan da ke kwance yana da dodon koɗi ƙanana masu ɗauke da tsutsar tsargiya. Tsutsar ba ta ganuwa da ido, takan huda fata ta shiga jini, bayan makonni mutum ya fara fitsarin jini. Malami ya nuna dodon koɗin daga nesa ya yi darasi a kansa, amma kada a taɓa da hannu. Doka ta biyu: ba mai taɓa mataccen tsuntsu ko mara lafiya. Murar tsuntsaye ta ɓulla a Nijeriya a Fabrairun 2006, kuma tana iya kama mutum. Doka ta uku: ba shiga kwalekwale sai da izini da rigar ruwa, ba cusa hannu cikin ciyawa ko rami saboda maciji. Doka ta huɗu: ba danƙo, ba ɗaukar ƙwai, ba taɓa sheƙa, ba tattake shukar mutane. A ƙirga ɗalibai kafin a tashi daga makaranta, a sake ƙirgawa kafin a bar bakin ruwa.

Jan Baki, Kacala da Madatsun Ruwa

A wata fita da muka yi, wani ɗalibi ɗan manomi ya ce mini, "Malam, kana cewa mu kiyaye tsuntsaye, mu kuwa bara jan baki ya cinye mana shinkafa. Tun asuba ni da ƙannena muke gona muna kaɗa gwangwani." Tambayarsa gaskiya ce, bai kamata malami ya kauce mata ba. Jan baki ɗan tsuntsu ne da nauyinsa yake wajen giram 20, amma masana suna ganin ya fi kowane tsuntsun daji yawa a duniya, kuma garke ɗaya yana iya gama gona a yini. Na ce masa mu bi sawun matsalar mu ga inda ta faro.

An gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a 1974, ta Calawa kuma a 1992. Sun kawo amfani: ruwan sha ga birnin Kano da noman rani a Kadawa da Kura da wajen Auyo. Amma sun canza halin kogin. A shekarun 1960 ruwa yakan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 na fadama, amma bayan Tiga da farin shekarun 1970 da 1980 akwai shekarun da bai kai rabin haka ba. Wani bincike da Edward Barbier da abokan aikinsa suka yi a farkon shekarun 1990 ya nuna cewa ruwan da aka bari ya bazu a fadama ya fi kawo amfani, in an haɗa noma da su da itace, a kan daidai wannan ruwa in an tsare shi domin babban aikin noman rani na Kano.

Akwai wani canji kuma. Da can kogin yakan ƙafe da rani. Yanzu ana sako ruwa daga madatsun duk shekara, saboda haka wasu hannuwan kogin ba sa bushewa. Wannan shi ne abin da kacala take so. Ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa, laka ta taru a gindinta, ruwa ya rasa hanya. Sai ka ga wani gari ambaliya ta ci gonakinsa, wani kuma ruwa bai kai gare shi ba sam. Toshewar nan tana cikin abubuwan da ke ƙara tsananin ambaliya irin wadda aka sha a ƙasar Haɗeja a 2022. Masunci ya rasa wurin jefa koma, agwagwar Turai ta rasa buɗaɗɗen ruwa, jan baki kuwa ya sami mafaka mai kyau inda zai kwana. In kuma aka yi feshin guba domin kashe shi, gubar ba ta tambayar suna, takan kashe wasu tsuntsayen da ba ruwansu.

Da muka kai nan sai yaron ya ce, "Ashe, Malam, abin da ya dami agwagwa shi ya dame mu." Wannan jimla tasa ta fi duk abin da na rubuta a allo a wannan zango. Tsuntsayen ruwa ma'auni ne na lafiyar fadama. In sun ragu, a duba ruwa, domin kifi da shinkafa da rijiya suna biye.

Bayan An Dawo

Fita ba ta cika sai an yi aiki da abin da aka samo. Kowace ƙungiya ta rubuta rahoto: inda aka je, yadda aka yi aikin, abin da aka gani, da ma'anarsa. A haɗa ƙidayar a zana jadawali a manna a bangon aji. A buɗe babban littafi guda na makaranta, a riƙa shigar da ƙidayar kowace shekara, wuri ɗaya, wata ɗaya, hanya ɗaya. Ƙidayar shekara guda ba ta faɗin komai, amma ta shekara goma tarihi ce, kuma ƙannenku za su gode muku. Haka nan a sa ɗalibai su rubuta ranar da suka fara ganin shamuwa a garinsu kowace shekara, da ranar ruwan farko, a gwada. Wannan ba ya cin ko kwabo.

Duk abubuwan nan suna cikin manhajar jarrabawar WAEC da NECO: mazaunin halittu, sarƙar abinci, dacewa da mazauni, ƙidayar halittu, da kiyaye albarkatun ƙasa. Wanda kuma abin ya shiga ransa, ya sani akwai gaba. Jami'ar Jos tana da cibiyar binciken tsuntsaye ta A. P. Leventis a Laminga, inda 'yan Nijeriya da na wasu ƙasashen Afirka suke yin digiri na biyu a wannan fanni.

Kammalawa

Ga iyaye, na san kuɗin mota ba ƙaramin abu ba ne a wannan zamani, kuma na san fargabar da ke zuciyar uwa in an ce ɗanta zai je bakin ruwa. Shi ya sa na jera dokokin da muke bi dalla-dalla, domin ku san yadda muke riƙon amanarku. Ga 'yan'uwana malamai, in Baturiya ta yi nisa, kududdufin bayan gari ma ya isa a fara da shi. Ranar 2 ga Fabrairu ita ce ranar dausayi ta duniya, kuma ta faɗo daidai lokacin da tsuntsaye suka fi yawa, sai mu sa ta a kalandar makaranta.

Ku kuma ɗalibai, a cikinku akwai waɗanda gobe za su zama injiniyoyin ruwa, da malaman gona, da kansiloli, da masu unguwa. Wata rana za a kawo takarda gabanku a kan yawan ruwan da za a sako daga Tiga, ko a kan yashe hanyar ruwan da kacala ta toshe. Ina so a ranar ku tuna da safiyar da kuka zauna shiru a bakin tafki, da tsohon da ke gyaran komarsa, da 'yar agwagwar da ta tsallake hamada ta sauka a gabanku. Kafin fita ta gaba, kowa ya nemi ɗan littafinsa da fensir, ya fara da tsuntsayen da ke kan bishiyar bakin ajinsu. Allah ya kai mu lafiya.